Tsohuwar Tarakta: Abin Dubawa Kafin Mu Tura Riyal Gida

(Jawabin da ɗaya daga cikin likitocin ƙungiya ya gabatar a taron reshen Jidda)

 

Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke can gefe, malamai, da sauran 'yan'uwa, ina yi muku barka da wannan dare. Waɗanda suka taho daga Makka da Ɗa'if, sannunku da hanya, Allah ya ba da ladan zumunci.

Kwamiti ya nemi in yi magana kan shawarar da ke gabanmu, wato mu haɗa kuɗi mu sayi tsohuwar tarakta, ko tantan kamar yadda muke cewa a gida, mu tura ta ta taimaka wa mutanenmu da huɗa. Wani zai ce me ya haɗa likita da garma. Abu biyu ne. Na farko, tun ina yaro nake bin ƙanin mahaifina gona, shi kuwa direban tantan ne, har yau kuma ranar Juma'a bayan la'asar idan ba ni da aiki a asibiti, kwance tsofaffin injina da ɗaure su shi ne hutuna. Na biyu, a shekarun da na yi ina aiki a gida kafin in zo nan, na ɗinke hannaye da ƙafafu da yawa waɗanda injin noma ya yi wa illa. Saboda haka zan taɓa ƙarfen, zan kuma taɓa jikin mutumin da zai hau shi.

Shawarwari uku na ji suna yawo a tsakaninmu. Akwai masu cewa a sayi 'yar ƙaramar nan ta lambu, irin wadda 'yan'uwanmu na Amurka da Ingila ke turo hotonta. Akwai masu cewa ga manya nan zube a Ƙasim da Kharj, a saya a nan a sa a jirgin ruwa. Akwai kuma masu cewa a tura kuɗin gida a sayi wadda ta riga ta saba da ƙasarmu.

Ita 'yar ƙaramar, ni ma tana ba ni sha'awa, ba zan ɓoye muku ba. Kamfanin International Harvester ya fito da Cub Cadet a 1961, John Deere ya fito da samfurin 110 a 1963, ga kuma Wheel Horse. An yi su da ƙarfe mai kauri, har yau Turawa na tattara su suna gyarawa suna fenti suna kai su baje koli. Amma a tambayi abin da aka yi su dominsa: yanke ciyawar ƙofar gida, ture ƙanƙara daga hanya, da kaftun ɗan lambun bayan gida mai ƙasa mai taushi. Injinsu na fetur ne, yawanci silinda ɗaya, ƙarfin doki 7 zuwa 16. Kuma ba ƙarfin dokin ne kaɗai matsalar ba. Jan garma da nauyi ake yin sa. Idan motar ba ta da nauyin da zai danne taya a ƙasa, sai tayar ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana tono rami. Bijimai biyu ƙosassu sun fi irin wannan 'yar mota nauyi, sun kuma fi ta riƙe ƙasa. Cikinta yana kusa da ƙasa, ba za ta tsallake kunya ba, sai ta zauna a kai. Ga shi babu mai kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa. Wanda yake da gidan gona mai ciyawa a bayan gari, yana son abin da zai riƙa taɓawa ranar hutu, to ya saya da kuɗinsa, Allah ya sanya alheri, in ya kira ni ma zan zo mu kwance kafireto tare. Amma kuɗin ƙungiya, wanda a cikinsa akwai riyal hamsin ɗin matar da ke wanke-wanke a gidan mutane, ba na wannan ba ne.

Sai manyan nan na Saudiyya. Gaskiya ne akwai su. A shekarun 1980 ƙasar nan ta zuba kuɗi a noman alkama da ruwan ƙarƙashin ƙasa, duk wanda ya bi ta sama a jirgi ya ga da'irorin nan kore a tsakiyar hamada. Da ruwan ya fara ja da baya, gwamnati ta sanar a 2008 cewa za ta riƙa rage sayen alkamar gida har zuwa 2016, daga baya kuma aka taƙaita noman ciyawar dabbobi. Wannan ya bar injina da yawa a ajiye. To amma an sayo su ne don fili shimfiɗaɗɗe mai hekta hamsin a da'ira ɗaya, ƙarfinsu ya haura doki ɗari, wasu ma ɗari biyu. Mu kuwa gonakinmu gado ya yayyanka su. Wannan eka ɗaya, wancan eka ɗaya da rabi, ga ɗorawa a tsakiya, ga gawo, ga kuka a gefe, ga burtali mai ƙunci. Katuwar mota za ta ɓata rabin yininta wajen juyawa, tana shan gas kamar raƙumi ya sami rijiya. Sannan a lissafa hanya: daga tashar jiragen ruwan Jidda zuwa Legas, hanyar da hare-haren da aka fara kai wa jirage a Bahar Maliya a ƙarshen 2023 suka dagula sufurinta, sai kuɗin fito a Apapa ko Tin Can, sai kwanakin da za ta yi a tasha ana lissafa mana kuɗin ajiya, sai tirelar da za ta ɗauke ta kusan kilomita 1,000 zuwa Kano. Duk wannan kafin ta huɗa kunya ɗaya. Na san abin da ke jan hankalinmu. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, naira kuwa daga wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ke karɓar albashi da riyal komai na gida araha yake gani. Sai dai mu tuna, mu za mu saya da riyal sau ɗaya, su kuwa za su yi ta gyara da naira shekara da shekaru.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A 1949 Turawa suka buɗe babban shirin noma da injina a Mokwa, zuwa 1954 kamfanin da ya zuba kuɗin ya janye. A Tanganyika, shirin gyaɗa da aka fara a 1947 da tulin injina ya rushe a 1951. Mu da kanmu mun ga zamanin da ake haɗa Steyr a Bauchi, ana haɗa Fiat a Kano, ma'aikatun gona suna da sashen ba da hayar tarakta. Duk wanda ya shiga harabar tsofaffin ofisoshin gona ya ga gawarwakinsu a jere, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Da yawansu ba injin ne ya mutu ba. Wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba ya lalace, aka rasa mai sayo shi, damina ta wuce, aka fara cire mata kaya ana sa wa wata.

Saboda haka tambayar farko ba "wace ce ta fi ƙarfi" ba ce. Tambayar ita ce: idan ta tsaya ranar Talata a tsakiyar watan Yuni, wa zai tashe ta kafin Alhamis? A ƙasarmu lokacin huɗa 'yan makonni ne. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, kowa yana son a yi masa yau. Motar da ta kwana goma tana jiran kaya daga Legas ta yi asarar shekara guda.

Idan aka bi wannan ma'auni, Massey Ferguson ce a gaba, ba don ina da hannun jari a kamfanin ba. Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ayalan, shi ya ƙirƙiro tsarin nan na hannaye uku a bayan tarakta da ke ɗaga garma da sauke ta da ƙarfin mai, wanda ya fito a Ford 9N a 1939, sannan a 'yar tokar nan TE20 da aka fara ƙerawa a Kobantiri a 1946. Hikimar tsarin ita ce, idan garma ta ci ƙasa, nauyin jan yana komawa kan tayoyin baya, sai ƙaramar mota ta yi aikin babba. Daga wannan zuriya aka sami 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, mai injin Perkins silinda uku, ƙarfin doki wajen 45. Babu kwamfuta a jikinta, babu wata waya mai rikitarwa, bakanike mai sifana da guduma zai iya da ita. Yayarta 165 silinda huɗu ce. Wadda kuka fi gani yanzu a hanyar Kura da Bunkure ita ce 375, doki wajen 75. Abin da ya sa kayan gyaran waɗannan ba sa yankewa shi ne har yau kamfanin Millat a Lahor ta Pakistan yana ƙera irinsu da lasisi, TAFE ma a Indiya yana ƙera irinsu. Ringi, fistan, gaskit, faifan kuloci, duk za ka same su a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, sabo ko na Beljiyam. Mahindra ma ta yawaita, ba laifi, in dai akwai bakaniken da ya san ta a kusa.

Amma kada mu tsallake wata tambaya: shin tarakta mai ƙafa huɗu muke bukata ma? Gonakinmu iri biyu ne. Akwai tudu, jigawa mai yashi, inda ake gero da dawa da gyaɗa da wake. Akwai kuma fadama da filayen ban ruwa, irin waɗanda ruwan Tiga ke shayarwa tun bayan kammala madatsar a 1974, inda ake shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. A jigawa, garmar faifai mai nitso ba alheri ba ce kullum. Tana juye ƙasa ta binne ɗan takin da ke sama, ta fito da ta ƙasa maras amfani, iska da ruwa su kwashe sauran. Abin da jigawa ke so haro ne sama-sama da rija. Wannan kuwa shanun huɗa suna yin sa tun shekarun 1920 da aka shigo da garmar shanu Arewa, ga taki suna bayarwa, bayan shekara uku ko huɗu a sayar da su da riba. Tarakta kuwa kullum darajarta raguwa take. Kalmar eka ma asalinta filin da shanu biyu za su iya nomewa a yini ɗaya ne. A fadama kuma, inda aka yanka fili fangali-fangali, ɗan injin nan mai ƙafa biyu da ake bi a baya ana riƙe da hannu ya fi dacewa. Na Sin ɗin nan injinsu silinda ɗaya ne, doki wajen 12, dangin injin da ake niƙa da shi a ƙauye, don haka duk mai gyaran injin niƙa ya san cikinsa. Yana kaftu, yana jan 'yar tirela, a ɗaura masa bel ya ja famfon ban ruwa ko injin casa. Akwai kuma ƙananan na Japan, Kubota da Yanmar da Iseki, masu ƙafa huɗu, waɗanda aka yi don fadamar shinkafa. Suna da kyau ƙwarai, amma tsofaffin da aka yi don kasuwar Japan kaɗai samun kayansu wahala ne.

Ga ɗan lissafi da kowa zai iya yi a bayan ambulan. Faɗin abin da garma ke ci, a ninka da saurin tafiya. Garmar da ke cin santimita 60, motar na tafiyar kilomita 5 a awa, ta ba da murabba'in mita 3,000 a awa, wato ƙasa kaɗan da sulusin hekta. A cire lokacin juyawa da gyaran garma da sallah da tafiya daga gona zuwa gona, sai ka ga a yini da ƙyar a haɗa hekta biyu. Haro ya fi faɗi, ya fi sauri. To a ɗauki kwanakin huɗa na shekara, a ninka, a ga gonaki nawa mota ɗaya za ta iya kaiwa. Za ku ga ba za ta ishi gari ba. Dole wani ya samu, wani ya rasa, kuma daga nan rigima ke farawa. Zan dawo kan wannan.

Yanzu a ce mun tsaya kan tsohuwar Massey, a saya a gida. Yaya za a duba ta? Abu na farko, kada a yi cinikin biri a sama. Hoto a WhatsApp ba shaida ba ne, bidiyon da aka ɗauka injin na aiki ma ba shaida ba ne. A tura mutum biyu, ɗaya bakanike wanda mu za mu biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Su je da sassafe ba tare da sun faɗi sa'ar zuwansu ba, su ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga an tashe ta don a ɓoye wahalar tashi, su dawo gobe. Injin gas mai lafiya yana tashi a sanyi ba tare da an tura ba, ba tare da an fesa masa komai a hanci ba.

Ta tashi, a kalli hayaƙi, kamar yadda muke kallon harshe da idon maras lafiya. Ɗan baƙi a farko ba komai. Shuɗi mai ɗorewa, tana ƙona baƙin mai, ringi ya ci. Fari mai ɗorewa bayan ta yi zafi, ko nozul ne, ko ruwa na shiga silinda. Baƙi ƙirin a kowane lokaci, ko matatar iska ta toshe ko famfon injekta na neman gyara, shi kuwa gyaransa da tsada. A buɗe murfin zuba baƙin mai tana aiki: in tana huci da ƙarfi kamar tukunyar dambu, injin ya gaji. A zaro sandar gwada mai, in ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Tun kafin a tashe ta a buɗe lagireto a leƙa, bayan ta tashi in ana ganin kumfa na tasowa, gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage. Sannan a ɗaura mata garma ta ɗaga sama, a kashe injin, a tsaya ana hira minti goma. In garmar ta sauko da kanta da sauri, haidirolik ɗin na yoyo a ciki. A shiga kowace giya, a taka birkin hagu da na dama ɗaya bayan ɗaya, a girgiza sitiyari a ga yawan wasansa. A duba tayoyin baya da kyau, domin kuɗin sababbi guda biyu na iya cinye duk rangwamen da aka yi mana. Agogon awa kada a yarda da shi, yawancinsu sun daɗe da tsayawa. A duba fedar kuloci da ta birki, yadda ƙafa ta cinye ƙarfen ya fi agogo faɗin gaskiya. Sabon fenti ja wur a kan tsohuwar mota kuwa, ni tsoro yake ba ni. Na fi son in gan ta da tsatsarta da tabon manta, in san inda take ciwo. A ƙarshe a kai ta gona ta yi huɗar awa guda, a ga ko za ta yi zafi. Mai kayan da ya ƙi yarda da wannan, a yi masa sallama cikin mutunci. Kuma a duba lambar jikinta da takardunta, a yi cinikin a gaban shaidu, kada mu sayi motar wata hukuma da aka karkatar ko ta gadon marayu da ba a raba ba.

Kuɗin da muka tara kada a zuba shi duka a kan motar. Ra'ayina a ware kashi ɗaya cikin huɗu a ajiye don gyaran farko da kayan aiki. Tarakta ba garma ba haro ba tirela, abin hawa zuwa kasuwa ce kawai. Tirelar ma ita ce za ta ciyar da motar bayan damina: kai taki gona, kwaso amfanin gona, jigilar yashi da bulo. Abu biyu ke kashe injin gas a wajenmu, ƙura da gurɓataccen mai. Tsohuwar 135 tana da matatar iska mai kwanon mai a ƙasa, a lokacin hunturu kullum sai an duba ta. Gas kuma a saya a wuri ɗaya sananne, a bar shi ya kwana a duro ya kwanta, a tace kafin a zuba.

To, bari in sa rigar asibiti. Wannan ɓangaren shi ya fi damuna, kuma shi ne ba a taɓa tattaunawa a taronmu ba.

Tarakta ba ta kashe mutum da gudu, da kifewa take kisa. Tana da tsayi, nauyinta yana sama, a gefen kwata ko bakin hanyar ruwa ƙasa ta zabtare, sai ta kwanta a kan direba. Akwai kuma kifewa ta baya, wadda ta fi muni. Mota ta kafe a laka, ko ana son tumɓuke kututture, sai a ɗaura sarƙa a sama, wajen hannun tsakiya ko kan gatarin baya, maimakon sandar ja da ke ƙasa. Taya ta kasa juyawa, sai motar ce ke juyawa a kan tayar, gaba ya tashi sama. Cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta wuce inda za a iya tsayar da ita, ƙafa ba ta ma kai ga kuloci ba. Maganin wannan an daɗe da sanin sa: ƙarfen kariya mai kama da ƙofa da ake kafawa a bayan kujera, tare da bel. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, mace-macen kifewa suka ragu ƙwarai. Tsofaffin da za mu samu yawanci ba su da shi. Rumfar kwanon da ake yi don rana ba ita ba ce, wannan murƙushewa take tare da mutum. Ina roƙon a sa kuɗin ƙarfen kariya na gaske a cikin kasafi tun farko, wanda aka ƙera don wannan samfurin, ba wanda mai walda zai haɗa da bututun ruwa ba.

Na biyu, sandar nan da ke juyawa a bayan mota, wadda ke ba injin casa ko na yankan ciyawa ƙarfi. Tana juyi 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa. Mu kuma mutanen babbar riga ne da rawani da mayafi. Bakin riga ya taɓa ta, kafin mutum ya ce wayyo ta naɗe hannu har kafaɗa. Na karɓi wani saurayi a gida da irin wannan, ranar casar masara, bai fi shekara ashirin ba, hannun dama ne, kuma ba a iya ceto shi ba. Murfin roba da ake sa wa sandar ba shi da tsada, sai dai makanikai kan cire shi su jefar don yana hana su sa giris da sauri. Dokar ita ce: murfi a kai, riga ɗamammiya, kuma ba a tsallaka sandar, ba a sa hannu a injin sai an kashe mota an zare makulli.

Na uku, yara. Kujera ɗaya ce a kan tarakta. Mun saba ganin yara huɗu a kan murfin taya, wasu a tsaye kan garma, ana tafiya ana murna. Rami ɗaya ya isa. Wanda ya faɗo daga murfin taya a gaban tayar baya yake faɗowa. Duk direban da za mu ɗauka a gaya masa a gaban mai unguwa, ranar da aka ga yaro a kan motar, ranar aikinsa ya ƙare.

Akwai ƙanana da ba a ɗauke su komai ba. Zuƙo gas da baki ta tiyo: ɗigo kaɗan ya faɗa huhu yana kawo ciwon huhu mai tsanani, kuma wanda ya haɗiye kada a sa shi amai. Buɗe lagireto da zafi yana ƙona fuska. Laluben yoyon bututun haidirolik ko na injekta da yatsa: man yana fita da ƙarfin da zai huda fata, ramin kamar na allura, mutum ya ce ba komai, bayan kwana biyu yatsa ya ruɓe. Wannan aikin tiyata ne na gaggawa a ranar. Ƙarar injin yini guda, shekara da shekaru, tana cinye ji a hankali, abin toshe kunne kuwa kuɗinsa bai kai na lemo ba. Sai kuma abin da kowa ya sani ba a son faɗa: a lokacin huɗa direbobi na aiki dare da rana, wasu da taimakon tiramadol. Ƙwayar nan tana kawo farfaɗiya, a yi tunanin mutum ta kama shi yana kan mota garma na ƙasa. Gara mu ɗauki direba biyu su riƙa karɓeɓeniya. A ba su ruwan sha isasshe, domin aiki cikin zafi ba ruwa yana taɓa ƙoda, a kuma yi musu allurar tetanus, wato rigakafin sandarewar jiki, a sabunta ta duk shekara goma.

In tsautsayi ya faru, a kashe injin tukuna. A danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Kada a zuba baƙin mai, ko ruwan batir, ko ƙasa, ko toka a ciwo. In yatsa ya guntule, a naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, a tafi da shi tare da mai shi. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta masu ɗori ba ce, ina girmama su, amma wannan ta asibiti ce, Dala ko Malam Aminu Kano ko mafi kusa, cikin sa'o'in farko. Wanda mota ta danne, ko ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi a duba, jini na iya zuba a ciki ba a gani.

Na ce zan dawo kan rigima. Motar ƙungiya ta kowa ce, abin kowa kuwa ba mai zuba masa baƙin mai. Idan muka ce kyauta za a yi wa mutane huɗa, shekara biyu ba za ta kai ba. A sa kuɗin haya, ko da ƙasa da na kasuwa ne, a rubuta, a buɗe mata asusunta daban da mutum uku za su sa hannu. A yi jerin gonaki tun watan Afrilu, da ƙuri'a in ta kama, a kafe a ƙofar masallaci, don kada a ce an fara da gonar yayan shugaba ko ta surukin likita. In muna son taimaka wa zawarawa da marayu, mu biya musu hayar daga aljihunmu, kuɗin ya shiga asusun motar. Direba a yi masa albashi da kaso a kan kowace eka, in ba haka ba zai biya kansa da dare a gonar wani. Yanzu akwai na'urar da ake maƙala wa mota tana nuna inda take da awannin da ta yi a wayar hannu. Kamfanin Hello Tractor da aka kafa a 2014, wanda ya fara aikinsa a Nijeriya, a kan wannan ya ginu. Daga nan Jidda ma'aji zai iya ganin ko motar na Kadawa ko ta tsallaka wata jiha. Ba zargin kowa ake ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma ga muminai aka saukar da ita.

Abin da nake ba kwamiti shawara, in an yarda: kada a sayi komai a nan. A tura wa reshen gida su ƙirga mana gonakin 'yan ƙungiya, eka nawa a tudu, eka nawa a fadama, su kuma kawo sunan makanikan tarakta da ke tsakanin garinmu da Kano da irin motar da kowannensu ya ƙware a kai. In fadama ta rinjaya, injin ƙafa biyu guda biyu ko uku ya fi mana mota ɗaya, in ɗaya ya tsaya sauran na aiki. In tudu ya rinjaya, a nemi 375 mai lafiya, ko 165, ko 135 in an dace da wadda ba a wahalar ba, da haro da rija da tirela. A yi cinikin da kaka ko cikin hunturu, lokacin da masu ita ke neman kuɗi kuma bakanike na da sarari, ba a watan Mayu da kowa ke nema ba. Ni kuma na ɗauki nauyin ƙarfen kariya da murfin sanda da akwatin taimakon gaggawa, idan na je hutu kuma zan zauna da direbobin yini guda.

Malam sakatare yana nuna mini agogo. Masu tambaya, musamman iyayenmu da suka yi noma da hannunsu kafin su zo ƙasar nan, bismillah, ina nan har a tashi.